NAMAN DA YA FAƊI A DAJI, NA WA NE?

Akwai wata jayayya da ta daɗe tsakanin mutanen da su ke shiga daji neman nama, har yau kuwa ba ta mutu ba. Ga gwanki kwance a gindin kirya, da kibiya a haƙarƙarinsa. Wanda ya harbe shi yana can baya, wajen mil biyu, yana bin jini a kan ciyawa. Wani mai wucewa ya riga shi isowa, ya zare wuƙa. To, naman nan na wa ne? Kada mai karatu ya yi saurin amsawa, gama mutanen kirki da yawa, waɗanda ba za su ɗauki ko allurar wani a cikin gari ba, sun ci irin wannan nama, ba su kuwa ga sun yi laifi ba.

Sai mu fara duba yadda a ke samun babban nama, don a nan ne ƙofar sata ta ke. Zomo ko gada, in ka buge, sai ka rataya ka wuce. Ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza ba haka su ke ba. Maharbi ya kan kwana biyu ko uku yana bin sawu, da ɗan guzurinsa a burgami, wani lokaci ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta rarrafe cikin rana har ya kusanci garke. In ya sami sa'a ya saki kibiya, naman ba ya faɗuwa nan take. Dafin da a ke haɗawa da 'ya'yan kwankwani zuciya ya ke kamawa, sai ya bi jini tukuna, kafin nan kuwa dabba ta yi gudu mai nisa. Mai bindiga harba-ka-ruga ma sau da yawa haka ya ke fama. Wannan ita ce tazara ta fari, watau tsakanin harbi da faɗuwa.

Ta biyu ta fi ta tsawo. Gwanki babba ya kan yi nauyin buhun gero biyu da rabi, ɓauna kuwa ta fi haka nesa. Mutum ɗaya ba shi da yadda zai yi da su. Tilas ya yanka, ya yanke wutsiya ya riƙe don shaida, ya rufe naman da ganye da ƙaya, ya nufi ƙauye neman ƙarti da jakuna. Kafin ya komo ungulaye sun fara kewaya a sama, duk wanda ya san daji kuwa ya san karatun ungulu. Sau da yawa maharbi ya kan komo da mutane shida, da igiya, da gatari, ya tarad da tumbi da kofato kaɗai, ga sawun jakin wani ya yi gabas. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In ka kama wanda ya yi wannan aiki, ba ya rasa ta cewa. Zai ce maka naman daji na Allah ne, ba wanda ya haife shi, ba wanda ya ba shi dusa, ba shi da shaidar kowa a kunne kamar saniya. Rabin maganarsa gaskiya ne. Muddin gwanki yana tafiya da ƙafafunsa cikin garke, ba na kowa ba ne, kamar kifi a gulbi. Amma tambayar da ya tsallake ita ce, yaushe ne abin da ba na kowa ba ya ke zama na wani?

Malamanmu na mazhabar Maliki sun yi wa wannan iyaka tun da daɗewa, ana kuwa karanta ta a zaurukan da a ke karatun Risala da Muhtasar. Gani ba ya sa mallaka. In ka hangi barewa ka ce taka ce, wani ya riga ka kamawa, tasa ce. Kora ma kaɗai ba ta isa ba. Abin da ya ke sa mallaka shi ne a sa hannu a kan dabba, ko ta faɗa tarkon da ka kafa, ko ka yi mata raunin da ba ta tashi. Daga sa'ad da kibiyarka ta shiga makasa, naman ya zama dukiyarka kamar akuyar da ke ɗaure a turkenka, ko da ya ruga ya faɗi inda ba ka gani. In kuwa ƙujewa ce kawai, dabba ta tsere ta koma cikin 'yan'uwanta ta warke, to, ta koma ta kowa, wanda ya same ta gaba shi ke da ita.

Abin mamaki, Turawan Amurka ma sun taɓa kai irin wannan ƙara gaban manyan alƙalai. A shekarar 1805, a jihar New York, wani mai suna Post yana korar yanyawa irin ta ƙasarsu da karnukansa, sai wani mai suna Pierson ya tare ta ya kashe, ya tafi da ita. Alƙalai suka ba Pierson gaskiya, suka ce kora ba mallaka ba ce, amma da Post ya riga ya yi mata mugun rauni, bai kuwa bar binta ba, da hukuncin ya sake. Ɗaya daga cikinsu bai yarda ba, ya ce kamata ya yi a bar wa mafarauta su yanke wannan magana da kansu. Ga mutane masu nisa da mu, da wata shari'a dabam, sun zo sun tsaya kusa da inda malamanmu suka tsaya.

Amma abin da ya fi kwantar mini da rai shi ne labarin da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tafiya Makka da sahabbansa, sai a wani wuri da a ke kira Rauha'u suka tarad da jakin jeji an ji masa rauni. Matafiya ne, ga su da yawa, ga nama a gabansu, ba kowa kusa. Ya umurce su su bar shi, don mai shi yana nan tafe. Ba a daɗe ba maharbin ya iso, ya ba su naman don kansa, sa'an nan aka sa Abubakar ya raba wa jama'a. Da suka ci gaba suka sake samun barewa kwance a inuwa da kibiya a jikinta, sai aka tsai da mutum guda a kanta don kada wani ya taɓa ta har ayari ya wuce. Gaskiya ne suna cikin harami, mai harami kuwa ba ya taɓa abin farauta mai rai. Duk da haka a lura, tun ba a ga maharbin jakin nan ba, ba a san sunansa ba, aka kira shi mai shi.

Sai dai akwai inda maganar ta ke da wuya, bai kamata kuwa a ɓoye ba. Nama ba tsabar kuɗi ba ne da za a ajiye a yi cigiya shekara guda. Da bazara, in ya yini ya kwana ya lalace. Cikin Risala ma an yarda wa wanda ya tsinci tunkiya a jejin da babu gari kusa ya ci, don in ya bar ta kura ce za ta ci. To, mutumin da ya tarad da kanki, ya duba gabas da yamma bai ga kowa ba, rana tana faɗuwa, laifi ne ya ɗauka?

A ganina wannan ya rataya ga abin da ya yi kafin ya ɗauka, da abin da ya yi bayan ya ɗauka. Ya yi kira? Ya jira? Ya ga an rufe naman da ƙaya, an yanke wutsiya, watau mai shi ya riga ya zo zai kuwa komo? Da ya isa gari, ya kai kibiyar wurin Sarkin Baka a nemi mai ita, ko kuwa ya cusa ta cikin ramin gara? Maharba sun san kiban junansu kamar yadda malamai su ke gane rubutun hannu. Mai tsintuwa na gaskiya ta bakin kasuwa ya ke shiga gari, da rana, yana ba da labari. Wanda ya bi ta bayan gari da dare, ya yi banda a cikin ɗaki, ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Akwai kuma wani abu. Wanda ya tarad da dabba ta riga ta mutu, bai san ko an ambaci sunan Allah wajen harbi ba, bai san ko kibiyar ce ta kashe ta ko wani abu ba. Watakila mushe ya ɗauko, ya ciyad da iyalinsa, ya sayar wa Musulmi saura.

Wannan duk maganar sata ce a ɓoye. Akwai wadda a ke yi a fili, da kiɗa, da kirari, ita ce ƙwace a farautar gangami. Da rani, bayan an kau da amfanin gona, garuruwa su kan haɗu, mutum ɗari biyu ko fiye, da karnuka da gora da barandami, a kewaye daji. In nama ya faɗi, wanda ya kashe ba shi da tabbacin zai kai shi gida. Wani ƙato ɗan tauri ya kan zo ya taka, ya yi kirari, ya ce a saki. In mai nama yana da ƙarfi ko yana da mutane, a gwabza. In ba shi da su, ya saki yana kallo. An sha fasa kai a kan cinyar mariya, an sha komowa da gawa, har ƙauyuka biyu su yi shekaru ba sa auren juna. Saboda haka ne hukuma ta sha hana irin wannan farauta a wurare dabam dabam.

Masu kāre wannan al'ada suna da hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Su kan ce kowa ya fita farauta ya san dokar wasan, kamar ɗan dambe da ya shiga fage ya san za a naushe shi. Wanda ya yarda da sharaɗi ba a zalunce shi ba. Su kan ƙara da cewa a nan ne a ke gane maza, waɗanda gari zai dogara gare su ran tsoro.

Na yarda da wannan in tsakanin ƙato da ƙato ne, kowa ya fito don a san shi. Amma a dambe akwai wanda a ke haɗa ka da shi, ba a sa yaro ya kara da zakaran gari, in kuwa ka faɗi an raba. A daji wa ya ke rabawa? Ƙato ba ya zuwa wurin ƙato ɗan'uwansa sai in ya rasa yadda zai yi. Wurin yaro ya ke zuwa, da tsoho, da baƙon da ba shi da kowa. Manomin da ya fito da karensa guda don 'ya'yansa su ɗanɗana romo, yaushe aka tambaye shi ko ya yarda da sharaɗin? Ya yi shiru ne don ya ga barandami. In shirun tsoro yarda ne, ashe ɗan fashi ma da yardar fatake ya ke karɓar kayansu. Littafin Muhtasar kuwa ya riga ya faɗi abin da za a yi in mutane da yawa suka kewaye nama, kowannensu yana iya kama shi, suka yi jayayya: a raba musu. Bai ce a ba wanda ya fi ƙwanji ba.

Ba a kuma rasa rabo a al'adar maharba ta asali. A wurare da yawa mai gari yana da cinyarsa, wanda ya taya ɗauka yana da nasa, mai wucewa ma in ya yi barka ba ya tafiya hannu wofi. Maharbin da ya hana wannan, sunansa ya ɓaci. Saboda haka mai ƙwace da mai sata ba yunwa ce ta kai su ba, gama da sun tsaya sun yi sallama da sun ci. Abin da ba su so shi ne su karɓa daga hannun mai shi, su ce an gode.

In maganar ta kai gaban alƙali, mai nama ne ya ke shan wuya. Shi ne mai da'awa, shi za a ce ya kawo shaidu, a daji kuwa shaidunsa ungulu da kiyashi. Wutsiyar da ke hannunsa da kibiyarsa su kan taimaka in an sami fata ko ƙaho a gidan wanda a ke tuhuma. In ba a samu ba, sai rantsuwa ta koma kan wanda ya yi musu. An ga mutum ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani a kan naman da ya riga ya ƙare a tukunya tun makon jiya.

Saura maharbin da ba shi da bakin kai ƙara ko kaɗan. Tun 1916 Gwamnati ta kafa dokar tsare namun daji a Nijeriya, Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963, aka hana kashe waɗansu dabbobi sam, waɗansu kuwa sai da lasin. A 1956 aka keɓe dajin Yankari a ƙasar Bauci, fiye da murabba'in mil 800, aka buɗe shi ga masu zuwa kallo a 1962. Ɓaunar da ke cikinsa ba ta cikin abin da mu ka ce ba na kowa ba ne, an riga an ajiye ta don jama'a duka, har da waɗanda ba a haifa ba. Wanda ya shiga da dare ya harbe ta, kibiyarsa ba ta ba shi mallaka, ko da ta shiga makasa. In wani ya bi bayansa ya kwashe naman, sai ya haɗiye, don in ya je wurin hukuma tambayar fari da za a yi masa ita ce, a wane daji ya harba.