Fasali a kan miƙe kyauro da gyaran hali

Ka sani, ya kai mai neman sani, mutane sun saɓa a kan hali. Wasu suka ce hali zanen dutse ne, ba mai kankare shi. Wasu suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, wanne ne gaskiya? Mu tambayi mai yin kibiya.

A ƙasar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa sarautarta wajen 1819, da Roni da Gwiwa da Babura, baka da kwari su ne makamin dakaru a dā, kuma har Turawa suka ci Kano a 1903 ba a ajiye su ba. Maharbin Hausa kyauro yake yankowa a fadama, ya shanya shi ya bushe. Wanda ya karkace sai ya gasa shi a kan garwashi, ya lanƙwasa a hankali, ya kai ido ya duba, ya sake. In wuta ta yi yawa ya ƙone, in ta yi kaɗan ya koma yadda yake. Sannan ya soka ƙarfen da maƙeri ya ƙera, ya naɗe bakin da jijiya don kada ya tsage. A Amurka kuwa, a jihar Oregon, itacen sida suke tsagawa su fere, domin ba shi da nauyi kuma zarensa a miƙe yake.

Ga hukunci biyu. Na fari, karkata tana gyaruwa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa hujja a cikin Ihya'u cewa da hali ba ya sākewa, da wa'azi ya zama banza. Na biyu, gyara yana da iyaka: karan dawa ba ya zama kyauro, sai dai a yi danga da shi, ita ma aba ce mai amfani. Saboda haka malamin da ya tsananta bulala ya ƙona kyauronsa, wanda ya sake wa almajiri ya bar shi a karkace.

Idan ka ce, ashe wanda ya miƙe ya tsira? Sai mu ce a'a. Kibiya miƙaƙƙiya mai dafin kwankwani ba ta bambanta barewa da ɗan makwabci. Ɗan kasuwa mai kaifin lissafi, in zuciyarsa ta karkata, ya fi wawa iya tauye mudu. Horo yana miƙe kyauro, niyya ce ke zaɓar abin hari.

To, ka gasa ranka da haƙuri tun da sauran lokaci, kuma ka dubi inda ka auna kafin ka saki tsirkiya, domin kibiyar da ta bar baka ba a kiranta ta komo.

Tamat.