Ɗan Rigasa Na Wa Ne?

A wannan watan mu ɗan ajiye sharhin fim, tambaya gare ni. Ga yara uku a garin nan na Kaduna: ɗaya a Kawo, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Rigasa. Kasuwarsu ɗaya, fim ɗaya suke kallo, amma a takardar hukuma ba ’yan gida ɗaya ba ne. Makarantar na Kawo tana ƙarƙashin hukumar ilimi ta Kaduna ta Arewa. Ta na Tudun Wada tana hannun Kaduna ta Kudu, mai hedikwata a Makera, tsallaken kogi. Shi kuwa ɗan Rigasa na Igabi ne, hedikwatarsu can Turunku. To, idan ajinsa ya cika ya batse, haƙƙinsa yana wuyan mutanen Igabi ne kaɗai, ko har da ni da kai?

Ni dai ina ganin har da mu. Yaro bai zaɓi unguwar da aka haife shi ba, bai kuma san ranar da aka shata iyakar ƙaramar hukuma ba. Iyayenmu suka ce ɗa na kowa ne, ba su ce na kansilansa ba. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ya zama doka a 2004, ya yi wa kowane yaro alkawarin karatun shekara 9 kyauta, kuma alkawarin bai ware unguwa ba.

Sai dai akwai abin da makaranta ɗaya ba ta iya ɗauka ita kaɗai: ɗakin karatu mai littattafai, ɗakin kwamfuta, malamin da ya iya koyar da kurame ko makafi. A nan ne nake cewa a yi gayya. A jihar New York ta Amurka, tun 1948 aka yi dokar da ta ba ƙananan gundumomin makarantu damar haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararren malami guda, yau yana nan gobe yana can. Kuma ba sai mun je Amurka ba. Ka tuna shagon hayar littattafai a shekarun 2000? Littafi ɗaya sai ya zaga unguwa kakaf. Furodusa nawa ne ya mallaki kyamara a lokacin? Haya ake yi, fim kuma ya fito.

Na san abin da za ka ce: kayan taro ba shi da uba, kowa ya mora, ba mai gyarawa. Gaskiyarka, mun ga yadda ake yi wa kayan gwamnati. Amma me ya hana littafin haya ɓata? Mai shago yana da rajista, ya san wanda ya ɗauka da ranar dawowa. Ashe maganin ba a hana tarayya ba ne, a naɗa mai amana ne da za a riƙe in abu ya salwanta.

Kuma hanyar tana nan, tunda hukumar SUBEB ke sa ido kan hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi 23 na jihar. A 2017 an yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa iri ɗaya, aka ce 21,780 sun faɗi. Ranar hukunci ba a tambayi kowa ƙaramar hukumarsa ba. Me zai sa sai ranar rabon alheri za a tuna da iyaka?

Don haka in ka je taron iyaye da malamai, bayan ka tambayi bencin ɗanka, ka tambayi abin da makarantarku za ta iya tarayya a kai da ta maƙwabta. Yaron Rigasa da ka ce ba naka ba ne, watakila shi zai yi maka allura a asibiti wata rana, ko ya zo neman auren ’yarka. Allah Ya sa mu dace.