Wanda Ya Gama Karatu a Waje: Ya Zauna ko Ya Dawo?

A shekarar 2021 gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa ɗaliban ƙasashen waje hanyar zama su yi aiki har shekara 2 bayan kammala digiri, mai digirin dakta kuwa shekara 3. Tun daga lokacin iyaye da yawa suke tambayarmu bayan Misa: ɗanmu ya gama karatu ya ce zai zauna can, ya yi laifi ne?

Zaman kansa ba zunubi ba ne. A wasiƙarsa ta Pacem in Terris, ta shekarar 1963, Paparoma Yohanna na 23 ya koyar cewa mutum yana da 'yancin ƙaura zuwa wata ƙasa idan akwai dalili na adalci. Littafi Mai Tsarki kuma ya nuna mana bayin Allah biyu a baƙunci. Yusufu ya zauna a Masar, ya ciyar da gidan ubansa a shekarun yunwa. Nehemiya ya bar hidimar sarki a Shushan, ya je ya gina garun Urushalima. Abin da ya haɗa su shi ne, babu wanda ya manta da mutanensa.

Saboda haka lamiri zai amsa tambayoyi uku. Na farko, akwai alkawari? Wanda jami'a ko gwamnati ko dayosis ta biya masa kuɗin karatu bisa sharaɗin zai dawo, bashi ne a wuyansa. Ko ya dawo, ko ya biya, gama alkawari kaya ne. Na biyu, ta wace hanya zai zauna? Takardun ƙarya da auren bogi domin samun izinin zama saɓo ne, ko da ba a kama mutum ba. Na uku, wa aka bari? Kuɗin da ake aikowa yana sayen magani, amma ba ya zama kusa da gyatuma a gadon asibiti.

Mu na gida ma muna da namu alhakin. Idan likita ya dawo ya tarar ba albashi, ba kayan aiki, ba tsaro a hanya, da wane baki za mu zarge shi? Kada kuma mu mai da 'ya'yanmu asusu, muna kiransu sai lokacin buƙata.

Ubangiji da ya raba talanti zai nemi lissafi daga wanda ya tafi da wanda ya zauna. Bari mu riƙa tunawa da su cikin addu'a.