Kowa Ya Sayi Rariya

Ya ɗan'uwa mai karatu, ga wata tambaya da za mu duba tare. In mai kaya ya gaya maka aibin kayansa, kai kuma ka saya, laifin wa ne ranar da abin ya lalace?

A ce kaka ta yi, ka sayar da wake, kuɗi sun shigo hannu. Ɗanka ya dame ka. Ya ga wani ɗan akwatin wasa a hannun yaran birni, irin wanda ake riƙewa kamar salula ana latsawa. Ka je kasuwa a Dogondutsi, ka tarar da na hannu, da araha. Mai shi ya ce: "Baba, lafiyarsa lau, sai dai gefen hagu yana ɗan gardama."

Irin wannan aibi sananne ne. A 2017 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wani abin wasa mai suna Switch. Yana da ɗan sanda da ake juyawa da babban yatsa. In an daɗe ana aiki da shi, cikinsa yakan goge, ƙura ta shiga, sai hoto ya riƙa tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. A 2019 masu saye a Amurka suka kai ƙara kotu. A 2020 shugaban kamfanin ya ba da haƙuri. A 2023 aka yi wa mutanen Turai alkawarin gyara kyauta. To, ina Turai, ina Dumega? Ga kuma ƙurarmu ta hunturu.

Aibi iri biyu ne, kowane manomi ya sani. Jaki mai tsagaggen kunne zai kai maka taki gona har ya tsufa, don aibinsa yana nan inda yake. Jaki mai ɗingishi kuwa, bana rabin kaya, baɗi kwance. Aibin sandan nan ɗingishi ne: yana taɓa ainihin aikin, kuma ƙaruwa yake yi.

Saboda haka, kafin ka kwance bakin aljihu, tambayi kanka abu uku. Aibin tsayayye ne ko mai tafiya? Akwai mai gyara kusa, kuma nawa zai karɓa? In ka haɗa kuɗin saye da na gyara, tiya nawa ta hatsi ke nan lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa?

Malamanmu masu karantar da Risala sun bayyana hukuncin. In an ɓoye maka aibi, kana da ikon mayar da kaya. In an nuna maka ka yarda, ciniki ya ɗauru. Hausawa ma sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai kayan nan ya sauke nauyinsa tun da ya faɗi gaskiya. Yanzu nauyin yana kanka.

Nauyin kuwa ba na kuɗi kaɗai ba ne. Da farko kada araha ta sa ka ruɗi kanka, ka ce ai ƙila ya warke. Ƙarfe ba ya warkewa. Na biyu, in ka saya, gaya wa yaron abin da aka gaya maka, kada ran da ya tsaya ka ɗora masa laifi har ka kai masa mari. Na uku, in ka gaji ka tashi sayarwa, faɗa wa mai saye kamar yadda aka faɗa maka. Wanda aka gaya wa gaskiya ya juya ya ɓoye ta, ya fi mai kayan farko cuta.

Sayen abu mai aibi ba haramun ba ne, wani lokaci ma dabara ce ta mai ƙaramin ƙarfi. In za ka iya ɗaukar asarar ba tare da tuwon gidanka ya ragu ba, saya. In ba haka ba, mayar da kuɗinka aljihu, ka ba yaro haƙuri. Allah ya sa mu dace.