Wanda Ya Miƙa Tsohonsa ga Hannun Wasu, Ya Yashe Shi Ne?

A Bukan Sidi, da Tudun Gwandara, da Shabu, da sauran unguwannin Lafia, akwai gidajen da akan sa wa ƙofar waje kwaɗo tun la'asar domin kada Baba ya fita. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyarwa, ko yana riƙe da littafin kuɗin ikkilisiya, yau yana tambayar ɗiyarsa ko ita wace ce. Ya ci tuwo, bayan minti goma ya ce ana hora shi da yunwa. Da almuru ya ɗaure kayansa ya ce zai tafi gida, alhali cikin gidan da ya gina da hannunsa yake.

Hausawa sukan kira wannan gigin tsufa, sunan kuwa yana ɓatar da mutane, domin yana sa a ɗauka haka tsufa yake ga kowa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ciwon mantuwa, wanda yake cin sassanta a hankali. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ne ya bayyana irinsa mafi yawa a shekarar 1906, sunansa kuma ciwon yake ɗauke da shi har yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne suke fama da shi, sama da kashi 60 cikin 100 nasu kuwa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki suke zaune. Maganin da zai warkar da shi bai samu ba tukuna. Amma akwai ruɗewar da takan faɗo wa tsoho farat ɗaya saboda zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwar sukari, ko wani maganin da yake sha, wannan kuwa tana warkewa. Saboda haka matakin fari shi ne ganin likita, ko a babban asibitin Lafia da aka sani da sunan Dalhatu Araf, ko a asibitin tarayya na Keffi, ko wurin likitocin ƙwaƙwalwa a Jos da Barnawa ta Kaduna. Abin takaici, sau da yawa gidan addu'a ake fara nufa, inda za a sa wa tsohuwa mai shekara tamanin azumi, ko a ɗauki surutanta na dare a matsayin tonon asirin maita. A Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, da duka a ƙauyen Kafaba na arewacin Gana bisa zargin maita. Irin wannan zargi bai tsaya ga iyakar Gana ba, kuma ba ya tsallake gidajen masu bi.

Tambaya mai wuya tana zuwa ne bayan likita ya faɗi sunan ciwon. Shekara ta wuce, biyu sun wuce, Baba ba ya iya riƙe fitsari, ba ya barcin dare, ya taɓa barin murhu a kunne. 'Ya'yansa suna Abuja, da Makurdi, da ƙasar waje. Mai ɗawainiyar yau da kullum mace ɗaya ce, ɗiya ko suruka, wadda ta bar sana'arta, ta daina zuwa Zumuntar Mata, hawan jini kuma ya kama ta. Sai wani ya kawo maganar ɗaukar mai jinya da albashi, ko kai shi gidan kula da tsofaffi. Nan take ɗakin yakan yi tsit, sannan wani ya ce wannan aikin Turawa ne, ɗan halak ba ya kai ubansa gidan baƙi. Yawanci mai faɗin haka shi ne wanda ya fi kowa nisa da tabarmar majinyacin, kuma bai taɓa wanke masa zane ba.

Duk da haka, maganarsa ba banza ba ce. Doka ta biyar a Fitowa 20:12 ta ɗora girmama iyaye a wuyan 'ya'ya, Manzo Bulus kuma a 1 Timoti 5 ya lissafta wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa cikin waɗanda suka musunci bangaskiya. A Markus 7 Ubangiji Yesu ya tsauta wa Farisiyawa saboda al'adar keɓe dukiya da sunan Allah domin a kuɓuce wa haƙƙin iyaye. Wannan dabara tana da sabon kamanni a yau: mutum ya aika kuɗi ta waya ƙarshen kowane wata, ya ɗauka ya sauke nauyi, shekara ta zagayo bai ga fuskar mahaifiyarsa ba. Wanda ya nemi gidan tsofaffi domin ya huta da ganin abin da ba ya son gani, wannan ya faɗa ƙarƙashin tsautawar, komai kyan ginin da ya zaɓa.

Sai dai Littafi Mai Tsarki bai ce dole hannun ɗa ne kaɗai zai yi jinya ba. A kan gicciye, bisa ga Yahaya 19, Yesu ya miƙa mahaifiyarsa ga almajirin da yake ƙauna, wanda ba ita ta haife shi ba, ta kuwa koma gidansa. Misalin Basamariye a Luka 10 ya fi dacewa da wannan batu, ko da yake ba kasafai masu wa'azi suke tsayawa a ƙarshensa ba. Basamariyen bai kai mai raunin gidansa ba. Masauki ya kai shi, ya kwana yana jinyarsa, da safe ya ba mai masaukin dinari biyu, ya kuma yi alkawarin dawowa ya biya duk abin da aka ƙara kashewa. Ya san iyakar ƙarfinsa, yana da tafiya a gabansa, ya sa aikin a hannun wanda zai iya. Yesu kuwa shi ya nuna a matsayin maƙwabci na ƙwarai. Abin da ya raba shi da firist da Balawen da suka ratse shi ne ya ɗauki nauyin mutumin bai ajiye ba, ko bayan ya bar shi a ɗakin wani. Ma'aunin ke nan. Tsoho yana iya zama yasasshe a ɗakin baya na gidan ɗansa, a kulle, babu mai yi masa magana sai mai miƙa kwano. Yana kuma iya zama abin girmamawa a hannun ma'aikata, in 'ya'yansa suna zuwa, suna dubawa, suna tambaya. Zumunci a ƙafa yake.

A nan ne gaskiyar ƙasar take ƙara wa iyalin Lafia nauyi. Gidajen tsofaffi kaɗan ne a Nijeriya, sanannunsu kuma a Kudu suke: na gwamnatin Jihar Legas a Yaba, da Regina Mundi na Katolika a Mushin, da gidan 'yan'uwa mata na Little Sisters of the Poor a Enugu, ƙungiyar da ta samo asali a Faransa a 1839, sa'ad da Jeanne Jugan ta goyo wata makauniyar tsohuwa ta kwantar da ita a nata gadon. Cibiyar farko ta jinyar tsofaffi a asibitin koyarwa, wato ta Cif Tony Anenih a Ibadan, sai a 2012 aka buɗe ta. Dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa ta sami sa hannun shugaban ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Gidaje masu zaman kansu sun fara bayyana a Abuja, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan fansho, kuma ba kowane mai allon suna a bakin ƙofa ne ya san ciwon mantuwa ba.

Akwai kuma wani abu da bai kamata a yi wasa da shi ba, wato harshe. Ciwon yakan fara share abin da aka koya daga baya, ya bar na yarinta. Dattijon da ya yi aikin gwamnati da Turanci, ya yi sujada da Hausa, yana iya wayar gari ba ya jin komai sai Eggon, ko Alago, ko Mada, ko Migili. Kai irin wannan mutum Legas, inda ba wanda zai gane yana neman ruwa ne ko ciki ne yake ciwo, tamkar kora ce zuwa baƙuwar ƙasa, ko da gadon na alfarma ne. Nisa ma haka: gidan da iyali ba za su iya zuwa ba sai sau biyu a shekara ya riga ya karya alkawarin dawowa tun kafin a yi shi. Don haka ga yawancin iyalan wannan jiha, mai masaukin da za su samu shi ne mai jinyar da za a ɗauka ya zo gida, ko wata 'yar'uwa a ƙauye da ta yarda ta karɓi aikin. Ita ma ta cancanci dinarinta cikakke, a kan lokaci, da ranar hutu. Ɗauko yarinya 'yar shekara goma sha biyu daga ƙauye, a cire ta daga makaranta a ɗora mata jinyar da ta gagari manya, zalunci ne da aka rufe da sunan taimako.

Iyalin da suka sami gida kusa, gani ya kori ji. Su je ba tare da sanarwa ba, da la'asar, lokacin da masu wannan ciwo suka fi rikicewa. Hanci zai faɗa musu abin da takardar talla ta ɓoye. Su duba ko ana ɗaure tsofaffi a gado, ko ana dirka musu maganin barci domin ma'aikata su huta, su tambayi mutum nawa ne suke kwana a bakin aiki, da asibitin da ake nufa in dare ya yi tsakiya. Su saurari yadda ake kiran mazauna gidan, da Baba da Mama ne ko da tsawa. Shi ma tsohon a tambaye shi tun yana iya amsawa, domin a farkon ciwon yana da sauran hankalin faɗin inda yake so ya zauna da wanda ya amince ya riƙe masa kuɗinsa.

Ikkilisiya ma tana da nata bashin. Mishan da ikkilisiyoyin da suka gaje su sun gina asibiti a Vom da Alushi, da makarantar makafi a Gindiri, a zamanin da ba wanda ya damu da waɗannan mutane. A Ayyukan Manzanni 6, da aka ga ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni sun sa an zaɓi mutum bakwai musamman domin aikin. Majami'u da yawa a Lafia suna da ɗakunan da suke kulle daga Litinin zuwa Jumma'a. Ɗaya daga cikinsu, da ma'aikaciyar jinya mai ritaya guda, da mata huɗu na Zumunta masu karɓa-karɓa, ya isa a tara tsofaffi shida daga safe zuwa azahar sau biyu a mako, su ci abinci, su rera waƙoƙin sujadar da suka koya tun suna yara, waɗanda sukan zauna a bakinsu bayan sunayen 'ya'yansu sun ɓace. A waɗannan sa'o'i surukar da take jinya za ta iya zuwa kasuwa, ko ta ga likita a kan nata hawan jinin.