Tambayar Da Yarinya Ta Ɗauko Daga Gaban Talabijin

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayarwa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa mazauna Sabo, da masu zuwa mana Juma'a daga Bodija da Akinyele.

Ranar Lahadin da ta wuce, a ajin 'yan mata na Islamiyyarmu, wata yarinya da ba ta wuce shekara 9 ba ta ɗaga hannu ta yi wa malama tambaya. Wai in Allah Ya so, ran babanta zai iya shiga jikin wani mutum ya dawo musu gida? Baban nata bara ya rasu a kan hanyar Ilorin, yana rakiyar motar albasa. Malama ta ce a ina kika ji wannan? Kafin ta buɗe baki sauran yaran suka amsa baki ɗaya: "Salbado!"

Wanda bai san Salbado ba, ya tambayi uwargida in ya koma. Fim ne mai dogon zango da Telemundo ta yi a 2005 da harshen Sifaniyanci, aka juya shi zuwa Turanci, aka nuna shi a ƙasar nan da sunan Second Chance. Ya yi tashe shekarun baya, yanzu kuma ya dawo ta wayoyi, ana tura wa juna kashi-kashi. Wani tsohon attajiri ne, Fediro Donoso, ya auri budurwa mai suna Isabel, sai ya mutu. Can a ƙauye kuma wani talaka mai suna Salbado ya faɗi, har an ɗauke shi za a rufe, sai ya farka, amma da ran tsohon a jikinsa. Ya kama hanya ya koma gidan attajirin a matsayin direba, ya tarar Isabel da masoyinta Andires sun daɗe suna cin amanarsa.

Kada wani ya ce ina malamai suka san duk wannan. Ai ba sai mun kalla ba. A rumfar mai shayi bayan Isha'i ana yi, a wajen kitso ana yi, a gidan suna ana yi. Jama'a sun rabu gida biyu, masu cewa Isabel ta tuba a yafe mata, da masu cewa Baleriya ce ta dace da shi. Mun ga dattawa biyu masu furfura sun kusa ɓatawa a kan wannan, alhali kuɗin goro da ke tsakaninsu bai taɓa haɗa su faɗa ba.

Ba mu zo yau don mu ce a fasa akwatin talabijin ba, ko da yake akwai shiga da rungume-rungume a cikin fim ɗin da bai kamata a zauna kallonsu da 'ya'ya ba, kuma kowa ya san haka. Mu ma da tatsuniya muka tashi, Gizo ya mutu sau ba adadi yana tashi. Amma kaka in ta gama takan ce ƙurunƙus, yaro ya gane wasa ne aka yi, ya je ya kwanta. Wannan fim ba shi da ƙurunƙus. Mutane ne na gaske da hawaye a fuska, ga uwa a gefe tana share nata hawayen tana cewa Allah sarki. To marainiya 'yar shekara 9 me za ta ɗauka?

Don haka bari mu faɗa a sarari. Rai idan ya fita ba ya komawa jikin wani. Malamai suna kiran wannan aƙida tanasukhi, kuma ba ta cikin Musulunci. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, Allah Ya ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya ya gyara aikinsa, aka ƙi, aka sanar da mu akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. Wannan shamakin shi ne barzahu. In kuwa wani ya ce ai wancan mai laifi ne, to ga mahaifin Jabir, Abdullahi ɗan Amru, wanda ya yi shahada a Uhudu. Tirmizi ya ruwaito cewa Allah Ya ce masa ya roƙi abin da yake so, ya roƙi a dawo da shi duniya a sake kashe shi a tafarkin Allah, aka amsa masa cewa hukunci ya riga ya gabata, ba a komawa. Shahidin Uhudu ke nan.

A garin da muke zaune yaranmu suna makaranta ɗaya da su Babatunde da Yetunde, kuma sun san ma'anar sunayen. Maƙwabtanmu ne, da yawansu sahu ɗaya muke tsayawa, ba mu yarda yaro ya je ya yi wa kowa izgili da sunansa ba. Mu ma ai muna mayar da sunan kaka, mu ce Abba, mu ce Ummi. Sai dai mu koya musu cewa suna ne ya dawo, mai sunan yana inda Allah Ya ajiye shi.

Malama, Allah Ya saka mata da alheri, ba ta tsawata wa yarinyar ba. Ta ce mata babanki ba zai zo ba, amma ke kina iya aika masa. Ta koya mata hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa aikin mamaci yana yankewa sai abu uku, na ukunsu ɗa nagari mai yi masa addu'a. Yarinyar ta ce ko mace ce? Aka ce ko mace ce.

Saura magana ɗaya, kuma ta maza ce. Duk gardamar da ake yi ta Isabel da Baleriya, ba mu taɓa jin wanda ya kawo zancen Kantalisiya ba. Ita ce matar Salbado ta ƙauye, mai ɗansa. Mijinta ya tashi wata rana ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya tafi birni ya sa kwat. Shi dai marubucin fim ya ba shi uzuri, an ce ran wani ne a jikinsa. Mu fa? Nawa ne a cikinmu suka bar mata da yara a Illela ko Gwadabawa ko Hadeja, aka ce sai bayan damina, damina uku ta wuce? Waya tana hannu, kati yana ciki, ana kallon Salbado har ƙarfe ɗaya na dare, amma in lambar gida ta shigo sai a kife ta. Wani ma ya yi sabon aure a nan, halas ne, ba mu ce komai ba, amma ta can a bakin 'yan mota ta ji labari. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyansa. An kuma ruwaito Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa 'yan watannin da za su yi nesa da matansu, su da suke fagen jihadi, ba kasuwar tumatir ba. Mun san kasuwa ta yi nauyi, kuɗin mota ya ninka. Wanda ba shi da na tafiya ya aika da abin da ya samu, wanda ba shi da na aikawa ya kira ya faɗi gaskiya.

Gobe Asabar bayan La'asar malam zai zauna da iyaye mata a ajin Islamiyya kan yadda ake yi wa yara bayanin mutuwa da kabari, a zo da tambayoyi. Akwatin marayu yana ƙofar gabas. Yarinyar nan su huɗu ne a wajen mahaifiyarsu, kuma kuɗin hayar ɗakinsu zai ƙare ƙarshen wata.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.