Tattabarun da Suka Ƙi Sayuwa

Akwai wani tela a layinmu, dattijo mai kimanin shekara sittin, wanda tun ina yaro na san shi da tattabaru. Idan la'asar ta yi sanyi sai ya tashi daga kan keke, ya kakkaɓe zaren da ya maƙale masa a riga, ya ɗebi gero a wani tsohon gwangwanin madara ya hau soro. Kafin ya kai matakalar ƙarshe sun riga sun ji motsinsa. Nan take sai ka ga saman gidan ya cika da fuka-fukai, wata a kafaɗa, wata a kan hula, shi kuwa yana ta yi musu faɗa kamar jikokinsa. A lokacin da suka fi yawa aure talatin gare shi, don masu kiwon tattabara ba sa ƙirga ɗai-ɗai, da aure suke ƙirgawa, mace da namijinta. Bai taɓa kiwonsu don kasuwa ba. In maƙwabciya ta haihu, ko wani ya tashi daga ciwo, yakan aika da 'yan shila biyu a yi farfesu, iyakar amfaninsu da muka sani ke nan. Sauran duk sha'awa ce da sabo.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira ɗari biyu ta haura ɗari biyar. Abin da ya biyo baya kowa ya ɗanɗana, ba sai an ba shi labari ba. Zuwa watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce tsadar abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Tela na cikin waɗanda irin wannan guguwa ke fara kaɗawa, domin wanda bai ci ya ƙoshi ba ba ya yanko yadi, tsohuwar rigarsa zai kawo a yi mata faci. Ciniki ya ja baya, gero kuwa ya yi gaba, tun daga kasuwar Dawanau har teburin mai awo na bakin layi.

Tattabara ba ta da ci idan ɗaya ce. Amma baki sittin, kwanon gero ba ya yi musu kwana biyu, kuma wannan kwanon shi ne kunun safe na gida guda. Dattijon ya fara da dabaru irin na mai kiwo. Ya gauraya geron da tsakin masara, daga baya da dusa. Ya rage ba su sau biyu ya koma sau ɗaya, yana cewa ai suna da fiffike, su je su yi kala a bakin injin niƙa. Suka je, yara masu tarko da danƙo suka rage masa su. Waɗanda suka saura suka fara tashi daga kan ƙwai. 'Yan shila kuma, da yake daga maƙoƙon uwa da uba suke ci, in iyayen ba su ƙoshi ba su ne farkon mutuwa, yakan tarar da su da safe a cikin tukunya sun sandare.

Wata rana na kai masa gyaran wando, muna hira ya ce da ni, ba tare da ya ɗago kai daga allura ba: "Malam, jiya na ɗebi gero zan hau sama, na juyo na ga yaran nan suna kallon gwangwanin." Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Mako bai zagayo ba na ji ya sa su a kasuwa.

Na ce ya sa su a kasuwa, amma a gaskiya ƙafarsa ba ta taka kasuwar ba, kuma wannan ne farkon abin da na lura da shi. Wani dillali daga 'yan kaji ya zo har gida ya taya su gaba ɗaya, kuɗi a hannu. Dattijon ya san inda irin wannan ciniki ke ƙarewa, wajen masu gashi da masu farfesu. Ba haramun ba ne, shi ma ya sha yanka 'yan shila da hannunsa. Sai dai akwai tsofaffin aure a ciki da suka yi shekaru suna ci a tafinsa, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ya yi ta cigiya har aka haɗa shi da wani saurayi mai gyaran waya a wata unguwa can gaba da ganuwa, wanda ya gina ɗakin tattabaru yana neman iri. Dattijon ya hau ɗan sahu da kuɗinsa ya je ya duba ɗakin: akwai inuwa, akwai kaskon ruwa, ƙofar tana da ragar da za ta hana kyanwa da gafiya. Sannan ya sallama, a ƙasa da tayin dillali. Wasu a majalisa sun ce wauta ce, mutum yana neman na cefane yana zaɓen mai saye. Ni ban ga wauta ba. Bambancin kuɗin nan da ya bari shi ne ciyarwa ta ƙarshe da ya iya yi musu.

Kwana biyar bayan haka, da sassafe, ya ji guguri a soro. Ya hau ya tarar da aure ɗaya, wata fara mai ɗigon baƙi a wuya da namijinta, suna zaune a bakin tsohuwar tukunyarsu kamar ba abin da ya faru.

Hausawa na gudun a sayar da akuya ta dawo tana cin danga, to tattabara ta fi akuya wannan hali nesa ba kusa ba. Ba ta san an yi ciniki ba, gida kawai ta sani, kuma tana iya gano shi daga nisan da mutum ba zai iya ba sai da tambaya. Shi ya sa wanda ya sayi manya yake fige musu dogayen gashin fiffike, ko ya ɗaure su da zare, ya kulle su har sai sun yi ƙwai. Ƙwai biyu take yi, ita da namijin suna karɓa-karɓar kwanci wajen kwana goma sha takwas, kuma da zarar akwai 'ya'ya a ɗaki, yawanci sun zauna ke nan. Saurayin nan tausayi ya hana shi fige su, ya buɗe musu ƙofa da wuri. Akwai marasa tsoron Allah da suka mai da wannan hali na tsuntsu sana'a, su sayar da aure ɗaya sau uku, kullum yana dawo musu. Dattijon kuwa ko karyawa bai yi ba ya sa aka kira yaron a waya.

Ya zo da kwali ya ɗauke su, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, laifina ne." Wannan karon ya fige su. Gashi ya sake tsirowa bayan 'yan makonni, suka sake dawowa.

Kafin in faɗi yadda aka ƙare, bari in ɗan ratse, domin abin da telan nan ya yi da sauƙi a baki, amma na ga manya sun kasa. A ƙasar nan dabbar sha'awa tufa ce, ana ganin mutum da ita. Babu kamar doki. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe ya san dalili. Amma kwalliyar ta 'yan kwanaki ce a shekara, sauran kwanakin kuwa harawa ce da dusa da gero da kanwa da kuɗin yaron barga, safe da yamma, ko an hau ko ba a hau ba. Na san gidan da doki ya tsaya a turke har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin titi, yana gaigayar itacen turken don yunwa. Mai shi ya gaje shi tare da sunan gidan, kuma ya san ranar da aka ga an ja shi zuwa kasuwar Wudil ko ta Maigatari, kafin magariba labari ya gama unguwa cewa wane ya karye. Don haka ya rufa wa kansa asiri da cikin dabbar da ba ta da bakin faɗa. Abin da ya manta, haƙarƙarin nan ya riga ya ba da labarin da yake ɓoyewa.

Malamanmu ba su bar wannan ga son ran mai dabba ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, malamin Misra na ƙarni na 14 wanda littafinsa ke cikin manyan abin da ake karantawa a zaurukanmu, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita matuƙar babu makiyayar da za ta ci da kanta, in kuwa ya ƙi ko ya gaza, hukuncin shi ne a sayar da ita. A babin ciyarwa aka kawo maganar, wuri ɗaya da haƙƙin mata da 'ya'ya da iyaye. Wato abin da unguwa ke kira abin kunya, shi ne littafi ya ce a yi. Mun iya yi wa wanda ya sayar dariya, amma ban taɓa jin an tashi dattawa an je an yi wa mai ramammen doki magana ba.

Can ƙasa kuma akwai dabbar da ko tayi ba ta samu. Kyanwa ba a saba sayar da ita ba a wajenmu, kyauta ake bayarwa, kuma malamai sun yi maganganu a kan cin kuɗinta da na kare. To idan gida ya gaji da ita fa? Buhu ake samu, a ba almajiri ko ɗan acaɓa ya kai ta bayan kasuwa ya zazzage. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba saki, yana cikin Buhari da Muslim, sai mu riƙe rabinsa mu ce ai mu sakinta muka yi. Kyanwar da ta tashi a gindin murhu tana jiran a zuba mata a murfin kwano, a jefa ta cikin karnukan mahauta da tayoyin mota, wannan sunansa yarwa. Tambayar gida biyar a layi ko akwai mai fama da ɓera ba ta cin ko kwabo, sai dai tana bukatar mutum ya buɗe baki ya ce ba zai iya ba, kuma wannan kalmar ce ke yi mana nauyi.

Alhali kakanninmu sun bar mana hanya tsakanin riƙewa da rabuwa. Matan karkara har gobe suna ba da kiwo: wadda ba ta da dusa ta kai akuyarta wajen wadda ke da ita, in ta haihu a raba 'ya'ya yadda aka yi alkawari. Fulanin Nijar suna da haɓɓanaye, a ba wanda ya rasa dabbobi aron saniya ya riƙe ta har ta haifa masa, 'ya'yan nasa, uwar ta koma gida. Ba wanda ya ɗauki ɗayan biyun nan a matsayin tonon asiri.

Irin wannan aka yi a layinmu, ba tare da kowa ya ba shi suna ba. Da auren nan ya dawo karo na biyu, dattijon ya ce wa saurayin ko dai ya karɓi kuɗinsa, ya ba shi kwana biyu ya haɗa, ko kuma ya kai su can nesa inda ba za su gane hanya ba. Yaron ya yi shiru yana kallon tukunyar, sannan ya ce, "Baba, waɗannan ba za su zauna min ba. Ku bar su a nan, nawa ne, amma ku riƙe min. Geronsu ina kawowa, in sun yi 'ya'ya in zo in ɗauka tun ba su tashi ba."

Haka ake yi har yanzu. Duk ƙarshen wata yaron yakan biyo da ƙullin gero a leda, wani lokaci har da ɗan abin da ya fi ƙarfin tsuntsu biyu, dattijon kuma yakan yi kamar bai lura ba. Ɗan shilan da aka ɗauka kafin ya fara tashi bai san wani gida ba sai inda ya buɗe fiffike, don haka su ba sa dawowa. Tukwane ashirin da tara suna nan a jere a soron babu kowa a ciki, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin wasu. Da la'asar yakan hau da gwangwanin nan nasa, geron ko rufe gindinsa bai yi ba. Shekaranjiya ina wucewa na jiyo shi daga ƙasa yana yi wa farar faɗa, wai ta cika haɗama, ta bar wa mijinta.